An ce Ummi ta shiga soja a Koriya

Daren da zan bar Kano, Yaya ta aiko a kira ni. Na ɗauka saƙon yaji da kuka da daddawa ne, irin wanda ake ɗora wa duk mai tafiya garin da ɗan wani yake. Lallai kam akwai su, an ƙulle kowanne a leda uku saboda wari. Kilishin ne kawai na ce a bar wa yara, don Koriya ba a shiga da nama, in aka kama ka tara ce mai zafi. Da na zauna sai ta kori yaran waje, ta rage murya.

"Auta, so nake ka buɗe ido ka duba mini yarinyar nan. An ce ta shiga wata ƙungiya, wai soja."

Shekarata 51, ina da iyali da shago biyu a Ƙofar Ruwa, amma a bakin Yaya har gobe ni Auta ne. Na ce wane irin soja kuma, yarinyar da gwamnatin Koriya ta ɗauki nauyin karatunta na kwamfuta? Ta ce ita dai ƙanwar yarinyar ce ta yi suɓul da baka, kuma da idonta ta ga hotunan wasu samari bakwai a wayar ƙaramar, masu 'yan kunne, fuska sumul kamar ba a taɓa yin rana a garinsu ba. "Ni ban ma gane musu ba. Ka dai duba."

Sunan mahaifiyarmu yarinyar ta ci, shi ya sa ba mai kiran sunanta a gidan. Ummi muke ce mata.

Farkon watan Yunin 2023 ne, kwana kaɗan da cire tallafin mai, lita ta haura naira 500, kowa a kasuwa fuska a murtuke. Ni kuma kaya ne suka kai ni. Na saba da Sharja, amma motocin Hyundai da Kia sun fara yawa a hannun mutane, kuma sitiyarin Koriya a hagu yake kamar namu, don haka na ce bari in je tushe in gani. Ta Addis Ababa muka bi, daga nan aka yi ta tafiya har ƙafata ta kumbura kafin mu sauka Incheon.

A bakin ƙofar fitowa na hango ta. Hijabi ne har gwiwa, launin shunayya. Jakarta shunayya, marfin wayarta shunayya, har igiyar takalmin. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda aka koya mata a gida, ta karɓi jakar daddawar ta rungume kamar jariri. A zuciyata na ce to, na farko dai, tarbiyya ba ta zube ba.

Kwana biyun farko aikina muka yi. A Songdo, cikin Incheon, akwai wani makeken fili da a da wurin shaƙatawa ne, yanzu ya koma zangon tsofaffin motocin da ake fitarwa waje. Larabawa ne suka fi yawa, 'yan Libiya da Jodan da Masar, har allunan wasu shagunan da Larabci aka rubuta. Daga nan muka je Janganpyeong a cikin Seoul, wadda ita ce Ƙofar Ruwansu, injina da giyabos da shokazoba jibge har rufi, sai dai su komai da lambarsa a kwamfuta. A nan Ummi ta fara ba ni mamaki. Wani dattijo ya faɗi kuɗin injina, na ce ta gaya masa ya yi tsada. Sai na ji yarinya ta saki Koriyanci kamar famfo, tana ɗan sunkuyar da kai, tana jan ƙarshen magana, dattijo ya ƙyalƙyale da dariya ya buga kalkuleta ya rage. Kalma ɗaya na kama, "kakka juseyo", wato a rage mana. Ita na riƙe har na bar ƙasar.

A jirgin ƙarƙashin ƙasa, muna komawa, na tambaye ta ko duk a makaranta ta koyi wannan. Ta ce makaranta ta gyara mata ne kawai. Tun tana aji huɗu a sakandare ta koyi baƙaƙensu da kanta, don ta san abin da waɗannan samarin suke faɗa a waƙa.

Na ce madalla, ga mu a kan maganar. "Ummi, mene ne soja?"

Ta rufe baki da hijabi tana dariya har mutanen da ke kusa suka ɗago, don jirginsu shiru yake kamar ɗakin jarrabawa. Sannan ta warware mini. Samarin bakwai mawaƙa ne, BTS ake ce musu, sun fito ranar 13 ga Yunin 2013 a ƙarƙashin wani ƙaramin kamfani da ba wanda ya damu da shi a lokacin. Masoyansu su ne ake kira ARMY, abin da ya isa kunnen Yaya a matsayin soja ke nan. Ta lissafo mini su da yatsu: RM shi ne shugaba, sai Jin babbansu, Suga, J-Hope, Jimin, V, da autansu Jungkook. "Irinka, Kawu." A 2020 waƙarsu ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, abin da wata ƙungiyar Koriya ba ta taɓa yi ba. Sun yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya, sun je fadar White House a 2022. Duk wannan ta zubo shi ba numfashi, kamar mai tilawa.

Amma akwai sojan gaske a cikin labarin, kuma da ta zo nan muryarta ta sauka. A Koriya ta Kudu duk namiji mai lafiya sai ya yi aikin soja, wata 18 in na ƙasa ne, saboda har yau yaƙinsu da Arewa tsagaita wuta aka yi a 1953, ba a rufe shi ba. Kuɗi ko suna ba sa fitar da mawaƙi. Jin ya shiga a Disambar 2022, J-Hope a Afrilun 2023, sauran ma a lokacin suna kan layi. To ga shi za su cika shekara goma, sai aka sanar cewa akwai sabuwar waƙa da suka ajiye, mai muryoyin dukkansu bakwai, har da na barikin. Za a sake ta ranar Juma'a, 9 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana daidai.

Na ce, "Ƙarfe ɗaya na ranar Juma'a?"

Ta ce, "Na sani, Kawu. Tun da aka sanar nake wannan lissafin."

Babban masallacin Seoul yana kan tudu ne a Itaewon. Daga tashar jirgi sai ka yi ta hawa wata siririyar hanya mai shagunan halal, Turkawa da 'yan Pakistan da masu sayar da dabino da turare, har ka isa wata ƙofa mai shuɗin ado. An buɗe shi a 1976, gwamnatin Koriya ta ba da filin, ƙasashen Musulmi suka taimaka da kuɗin gini. Ranar Juma'a kuwa duniya ce a taƙaice: Uzbekawa, 'yan Bangladash, 'yan Indonesiya, 'yan Senigal, Koriyawa 'yan kaɗan. Har wani Bazazzagi na ci karo da shi wurin alwala, daga jin yadda na ce "wash" da na sunkuya ya juyo ya ce, "Malam, daga ina?"

Kafin mu rabu a harabar, ita za ta ɓangaren mata, na ga ta ciro wayar. Saura minti 25. Ta kalle ta, ta kalle ni, sai ta kashe ta gaba ɗaya, ta miƙo mini.

"Riƙe mini, Kawu. In tana jakata ba zan ji huɗuba ba."

Na sa a aljihun gaban riga. Ban ce komai ba, amma wannan na rubuta shi a cikin rahoton da zan kai wa Yaya.

Tsakanin Seoul da Kano awa takwas ne. Ƙarfe ɗayan ranarsu biyar na asuba ce a wurinmu. Wato lokacin da muke zaune muna sauraren liman, ƙanwarta da ƙawayenta a Kano, waɗanda aka sha fama da su kafin su tashi sallar asuba, ranar da kansu suka farka, sun lulluɓe da mayafi suna ji. Ita kuwa da ke unguwa ɗaya da kamfanin da ya saki waƙar, ita ce ta ƙarshe.

Da aka idar na same ta a bakin matattakala tana taka ƙafa ɗaya tana sauke ɗaya. Ba ita kaɗai ba ce. Wasu 'yan mata huɗu 'yan Indonesiya da Malesiya, su ma da ɗan abin shunayya a jiki, sun taru gefe guda, ba su san juna ba sai ranar, launin ne ya haɗa su. Na ce ba a harabar masallaci ba. Muka fita ƙofa, muka gangara kaɗan, muka tsaya a inuwar wani shagon burodin Turkawa. Na ba ta wayar. Hannunta na rawa ta kunna, saƙonni suka yi ta shigowa kamar ƙanƙara a kan kwano, ba ta buɗe ko ɗaya ba don kada a ɓata mata. Ta sa iyafis ɗaya a ƙarƙashin hijabi, ta ɗan yi jim, sai ta miƙo mini ɗayan.

To ni me zan ce? Sunan waƙar "Take Two". Jita ce ta fara, a hankali, ba irin kiɗan da na zata ba mai fasa kunne. Murya ta shiga, wata ta karɓa, wata siririya, wata mai kauri. Ba ta kai minti huɗu ba. In don ni ne, waƙa ce mai sanyi, irin wadda za ka ji a shagon sayar da waya ka wuce. Amma ni ba waƙar nake kallo ba. Akwai inda wata murya ta shigo, sai Ummi ta dafe ƙirji ta ce, "Jin ne," a hankali, kamar mai gudun ta tashi wani daga barci. Hawaye suka gangaro, ba ta share ba. 'Yan Indonesiyar nan kuwa sun rirriƙe juna, ɗaya ta tsuguna a ƙasa ta rufe fuska. Baturken mai burodi ya leƙo, ya kalle su, ya kalle ni. Na ɗaga masa kafaɗa. Ya koma ciki ya fito da tishu.

Na tambaye ta me suke cewa. Ta ce godiya suke yi wa masoyansu, suna tuna tafiyar da aka yi tare, suna roƙon a ci gaba da zama tare a zango na biyu. Na ce shi ke nan? Ta ce, "Kawu, saura shekara ɗaya da kwana uku ya fito." Ashe har ranar sallamarsa daga bariki a lissafe take. Yarinyar da ko ranar da yayanta ya gama bautar ƙasa ba ta riƙe ba.

Daga nan ba a tambayi ra'ayina ba. Jirgi muka shiga, muka canza a Samgakji, tasha ɗaya muka sauka a Sinyongsan, sai ga dogon benen HYBE, kamfanin su BTS. Ba abin da ake yi a wurin. Ba mawaƙi, ba kiɗa, ba wanda zai leƙo ta taga. Mutane ne kawai tsaye a gefen titi suna ɗaukar hoto da gini. Na ji Sifaniyanci, na ji Japananci, na ga wata Baturiya da ta girme ni tana ɗaga katin hoto sama don ya fito tare da benen. A wani shagon shayi da ke kusa an manne bango da hotunansu, in ka sayi abin sha sai a sa maka kofin cikin kwali mai fuskar ɗayansu, kuma kwalin nan ba a yar da shi, a jaka ake adanawa. Ummi ta ce ba kamfani ne ya shirya ba, masoya ne suke haɗa kuɗi su kama shago. Haka ma manyan allunan taya murna da na riƙa gani a tashoshin jirgi, da yawansu daga aljihun masoya suka fito.

A shagon nan ne idona na ɗan kasuwa ya buɗe. Ta zauna ta fito da ɗan littafi, ta jera waya da kwamfuta, ta shiga aiki. Wai ba a sauraron sabuwar waƙa haka kawai. Sai an bar ta ta kai ƙarshe, ba a kashe sauti, ba a maimaita ta a jere sai an sa wasu a tsakani, don kada na'urar da ke ƙirga masu sauraro ta ɗauka inji ne. A WhatsApp suna da zaure na 'yan Najeriya, an raba awanni kamar masu gadi, wasu sun yi karo-karo don a saya wa marasa katin banki. Duk don waƙar ta hau jadawali. Kuma ta hau ɗin, daga baya ta aiko mini cewa ta zo ta ɗaya a jadawalin Billboard na duniya. Na ce nawa ake biyanku? Ta kalle ni kamar na yi saɓo.

Sannan ga maganar katin hoto. Wannan waƙar a waya kawai aka sake ta, amma in kundi ne na hannu, sai a fitar da shi kala-kala, a cikin kowanne a ɓoye katin mutum ɗaya, ba ka san wanda za ka samu ba sai ka yage leda. Mai son Jimin ta samu Suga, sai ta sake saye, ko ta nemi mai musanya. Akwai kuma fitilar hannu mai kan ƙwallo da ake ɗagawa a wurin wasa, ita ma da kuɗinta. Na yi shekara 30 ina saye da sayarwa, ban taɓa ganin dabarar da za ta sa mutum ya sayi abu ɗaya sau biyar yana murna ba. Wanda ya ƙirƙiro wannan, da a Kantin Kwari yake da tuni ya saye layi guda. Na gaya mata haka, ban ɓoye ba. Na ce tatsar ku ake yi, Ummi. Ta ce ta sani, har su ma suna zagin kamfanin in ya wuce gona da iri, kuma ita kundi biyu kawai ta taɓa saye, sauran katunan musanya ne da kyauta. Ban gamsu duka ba. Har yanzu ina ganin akwai 'ya'yan mutane da kuɗin abincinsu ke tafiya a nan.

Washegari na tashi na tarar da zauren 'yan kasuwarmu ya kama da wuta, an dakatar da gwamnan babban banki, kowa na hasashen inda dala za ta nufa. Saƙo sama da 300. Na nuna mata. Ta nuna mini nata zauren. Muka yi dariya, kowa da kiɗan da ya hana shi barci.

Da yammar nan muka zauna bakin kogin Han, inda iyalai ke shimfiɗa tabarma suna cin taliyar da ake dafawa a inji a shagon wurin. Mu dai ɗumamen tuwon da ta yi da garin shinkafa muka ci, da miyar kukar Yaya. A nan ta ba ni labarin da ba ta taɓa ba uwarta ba. Hunturunta na farko, a wani gari can kudu inda aka kai su koyon harshe, ita kaɗai ce baƙar fata mai hijabi a unguwar. Ba wanda ya zage ta, in ji ta, amma kujerar kusa da ita a bas takan zauna ba kowa. Azumi ya zo, ita kaɗai take sahur, ita kaɗai take buɗa baki da ayaba da madara a ɗaki. Rannan wata 'yar ajinsu Bakoriya ta hango katin hoto a bayan wayarta, ta ce, "Ke ma?" Daga ranar ta sami mai raka ta asibiti, mai karanta mata bayan kwalin abinci don a duba ko da alade, har uwar yarinyar ta sayi sabuwar tukunya ta ajiye don girkin Ummi kawai. Na yi shiru. Na tuna darena na farko a Sharja, shekarun baya, da na ji wani yana sauraren BBC Hausa ta bangon ɗaki na je na ƙwanƙwasa masa ƙofa ba kunya.

Daga ranar Litinin gari ya rine. Hasumiyar Namsan, ginin majalisar birni, gadar Banpo, dogon benen Lotte, duk aka haska su da shunayya da daddare. Ta ce V ne ya fara ƙirƙiro wata kalma, "borahe", daga sunan launin, shi ne ya zama alamarsu. Ranar Talata 13 ga wata hukumar gidan waya ta fitar da kan sarki na musamman, guda goma na shekara goma. A wurinmu kan sarki da kan Sarkin Ingila ya samo suna, a nan mawaƙa aka yi wa. Ummi tana da jarrabawa da safe. Wa kuke jin ya bi layi a babban gidan waya na Myeongdong, da hula zanna, tsakanin 'yan matan Japan da na Filifin?

Babban taron kuwa ranar Asabar ne, 17 ga wata, a filin bakin kogi na Yeouido, kuma a kansa aka yi rigima. Yaya ta ce atafau ba za ta je ba. Ba na ganin laifinta. Ranar 29 ga Oktoban 2022 mutum 159 suka mutu a turmutsitsi a Itaewon, yawancinsu matasa, kuma a daren Yaya ta kira wayar Ummi ba adadi kafin ta ɗauka, ashe barci take a ɗakinta. Na je na ga lungun da idona, yana gab da tashar da muke sauka in za mu masallaci. Gangare ne, faɗinsa bai fi a jera mutum shida ba. An manne bangon da 'yan takardu masu rubutun hannu. Na tsaya na yi salati na wuce, ƙafata ta yi sanyi.

A ƙarshe aka yi sulhu a waya: za ta je, amma da Kawu, kuma ba za a kutsa tsakiya ba.

Ban taɓa ganin taro irin wannan ba in ba a Mina ba. Masu shirya abin sun ce mutum wajen 400,000 suka zo. Rana ta take, kowa da lema, ba masaka tsinke. Amma Itaewon ta koya musu darasi. An rufe titi, 'yan sanda da masu riguna masu ƙyalli a kowace kusurwa, hanyar shiga daban ta fita daban, da an ga wuri ya fara cika sai a tare a juya mutane. Su ma 'yan sojan Ummi akwai bin doka, layi kamar an ja da igiya, kowa da ledar shararsa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ba wasa za a yi ba. Mutum ɗaya ne cikin bakwai ya zo, RM, da ƙarfe biyar, ya zauna ya yi hira da waɗanda ƙuri'a ta faɗa musu. Ummi ba ta ci ƙuri'ar ba, a babban allo muka kalla. Da fuskarsa ta bayyana, ihun da aka yi sai da na ji shi a haƙorina.

Magariba a Seoul a watan Yuni sai wajen ƙarfe takwas. Muka ja gefe can bayan wasu bishiyoyi, na duba alƙibla a waya, na shimfiɗa darduma a kan ciyawa. Kafin in tayar, 'yan mata uku masu hijabi da ban san daga ina suka ɓullo ba suka jera bayan Ummi. Wata tsohuwa Bakoriya, gashinta fari fat, da fitilar nan mai kan ƙwallo a hannu, ta ga mutane na neman ratsawa ta gabanmu, sai ta zo ta tsaya ta buɗe hannu tana karkatar da su, har muka sallame. Na ce mata "kamsahamnida", wato na gode, kalmata ta biyu ke nan. Ta amsa da wata doguwar magana. Ummi ta ce wai tambaya take, a cikin bakwai ɗin wanne ne nawa.

Na ce a gaya mata autan.

Takwas da rabi aka fara wasan wuta a kan kogi, ana sa waƙoƙinsu ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan sabuwar, wadda kwananta takwas kacal da fitowa, duk filin ya ɗauka, 'yan Birazil da 'yan Tailan da 'yar Yaya daga Kano, da harshen da ba na iyayensu ba. Ni ban kalli sama sosai ba. Hannun hijabinta na riƙe, idona na kan hanyar fita.

Na dawo gida ana saura kwana kaɗan babbar salla, raguna sun yi tsadar da ba a magana. Kwantena tana kan ruwa, lissafin da na yi da dala kafin in tafi duk ya rushe, amma wannan wani labarin ne. Da daddare na je wurin Yaya. Ta kori yara, ta rage murya.

Na ce salla ba ta wuce ta, karatu tana yi, Koriyancinta ya rage mini kuɗin inji. Sojan kuma na masu son waƙa ne, ba bindiga. Akwai ɓarnar kuɗi da ɓarnar lokaci, na yi mata faɗa a kai, a ci gaba da yi mata. Maganar kujerar bas da buɗa baki da ayaba ban faɗa ba, Ummi ta roƙe ni.

Yaya ta taɓe baki. "Waƙar da ba da yarenka ba, har da kuka?"

Na ce, "Yaya, wa yake aikena Fagge sayen kaset ɗin Indiya a ɓoye? Wa ya liƙa hoton jarumi a cikin murfin akwatinsa, Hajiya ta gani ta kusa karya mini hannu don na ƙi faɗin mai shi?"

Ta ɗauki maficin da ke gefenta ta jefe ni. "Ai wannan daban ne."

Ƙaramar dai ashe tana laɓe bayan labule. Na kira ta na ba ta saƙonta, takardar kan sarkin nan da na sha rana a kanta, da wani katin hoto guda da Ummi ta sa a cikin leda biyu, ta ce in kula da shi fiye da fasfo. Yarinya ta yi tsalle ta dire, ta rasa inda za ta sa kanta. Yaya ta ce a miƙo ta gani. Ta sa tabarau, ta kai katin kusa da fitila, ta daɗe tana dubawa.

"Wannan ne wanda aka kai sojan?"

Ƙaramar ta ce eh, shi ne babbansu.

"Uwarsa na da rai?"

"Tana nan, Umma."

Yaya ta sake kallon katin. "Allah sarki. Ɗan siriri da shi. Allah ya dawo mata da shi lafiya."